Kazim Ali: zan iya yin furojet ɗina a kan rubuce-rubucensa?

Rahama:
Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a sashen Turanci, lokacin zaɓen maudu'in furojet ya yi, kuma wanda ya tsaya mini a rai shi ne Kazim Ali, mawaƙi kuma marubucin ƙagaggun labarai da ke Amurka. *Fasting for Ramadan* na 2011 na fara karantawa, inda yake rubuta yadda azumi ke tafiya da jikinsa da tunaninsa rana bayan rana, a ƙasar da yawancin mutane ba su ma san watan ya kama ba. Wallahi ya sa na sake duban azumina. Daga baya na gane yana cikin masu neman jinsinsu, bai ɓoye ba, kuma bai daina kiran kansa Musulmi ba. Littafin bai fita daga raina ba, amma hankalina bai kwanta ba. Wa ya san tarihinsa sosai? Kuma laifi ne in yi nazarinsa?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Rahama. An haife shi a Ingila a 1971, iyayensa Musulmi ne 'yan asalin Indiya, ya tashi tsakanin Kanada da Amurka. Ya koyar a Kwalejin Oberlin, daga baya ya koma Jami'ar Kalifoniya ta San Diego. Da shi aka kafa kamfanin ɗab'i na Nightboat Books. Cikin labaransa akwai *The Disappearance of Seth*, ya kuma fassara waƙoƙin Sohrab Sepehri, mawaƙin ƙasar Iran, daga Farisanci.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na 2007, yana koyarwa a Jami'ar Shippensburg a jihar Pennsylvania. Ya ajiye kwalin tsofaffin takardun waƙoƙi kusa da kwandon shara don a kwashe. Wani ɗalibi ya hango shi, ya ga kamarsa ta 'yan Gabas ta Tsakiya, ya kai rahoto. 'Yan sanda suka zo, aka dakatar da karatu, ana zaton bom ne. Kwanaki kaɗan ke nan bayan harbin da ya kashe mutane da yawa a jami'ar Virginia Tech. Kin ga mutumin da wasu Musulmi ba sa son a ambaci sunansa, can kuma kamar Musulmi kaɗai ta isa a kira masa 'yan sanda.

Abu Huzaifa:
'Yar'uwa, ina ba ki shawara don Allah. Hukuncin neman jinsi a wurin malamanmu a fili yake, daɗin baki a waƙa ba ya canza shi. Marubuta Musulmi sun yi yawa, ki ɗauki wani. Ki kuma tuna dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a Najeriya a 2014, ba kowane malamin jami'a ne zai yarda ya duba miki irin wannan aiki ba.

Anti Bilkisu:
Abu Huzaifa ya faɗi gaskiya a kan malamin da zai duba aikin, ki same shi tukun kafin ki rubuta ko layi ɗaya. Amma ƙanwata, nazari ba mubaya'a ba ne. Mun karanta mawaƙan Jahiliyya a makaranta, babu wanda ya ce mun bi addininsu. *Bright Felon* na 2009 shi ne inda ya yi maganar kansa da iyayensa, yana bin garuruwan da ya zauna daga na baya-bayan nan zuwa na farko. Jimlolin a gutsure suke, kamar mai son faɗin magana a gaban uwarsa harshe na sarƙewa. Ban ji alfahari a ciki ba, ciwon ɗan da ke tsoron rasa gida na ji.

In kina son hanyar da ba hayaniya, ga *Northern Light* na 2021. Mahaifinsa ya yi aikin injiniya a madatsar ruwan Jenpeg a lardin Manitoba na Kanada, inda Kazim ya zauna yana yaro. Bayan shekaru ya koma, ya zauna da mutanen Pimicikamak na Cross Lake, 'yan asalin yankin, ya ji ɓarnar da madatsar ta yi wa ruwansu da rayuwarsu.

Rahama:
Na gode ƙwarai. Abu Huzaifa, na ji nasiharka kuma ban raina ta ba. Ranar Litinin zan ga malamina da maudu'i biyu, na azumin da na madatsar. Anti, *Bright Felon* ɗin naki na takarda ne? In haka ne don Allah ki ara mini.