Inshorar motar da na ɗauka haya ta fi ƙarfina, ina mafita?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar masana harkar inshora.

Na ɗauki mota hayar shekara 3, ina biya wata-wata. Tunda motar ta kamfani ce, sun ce dole sai cikakkiyar inshora mai ɗaukar hatsari da sata da gobara. Kuɗin ya kusan ninka na tsohuwar motata, alhali ban taɓa neman diyya ba.

Na so in ƙara kason da zan biya daga aljihuna idan an yi hatsari don kuɗin ya sauka, ashe yarjejeniyar ta ƙayyade iyakarsa. Ga kuma inshorar cike giɓi da suke ta tallata mini: wai idan motar ta lalace gaba ɗaya, darajarta ta ranar kawai cikakkiyar inshorar za ta biya, ragowar kuɗin da masu motar ke bina yana wuyana, shi ne giɓin da wannan za ta cike. Na karanta takardun har idona ya yi ja, ban gane ko ta cike giɓin tana cikin yarjejeniyar tun farko ba.

Zan iya sayen ta cike giɓin a wani wuri daban? Kuma sauya kamfanin inshora ana tsakiyar haya, sai da izinin masu motar?