Ta yaya ƙwayar da iskar oksijin ke kashewa take shekaru a cikin ƙasa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. A darasinmu na ƙananan halittu an koya mana cewa Clostridium tetani, bakteriyar da ke haddasa cutar sarƙe haƙora, wato tetanus, ba ta jure iskar oksijin. Amma kuma an ce ana samunta a cikin ƙasa da ƙura da kashin dabbobi, inda iska ke ratsawa dare da rana. Na kasa haɗa maganganun nan biyu. Sannan mene ne gaskiyar zancen cewa tsatsar ƙusa ce ke kawo cutar?

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka maganganun gaskiya ne, domin bakteriyar tana da siffa biyu. Mai ci da hayayyafa ita ce oksijin ke hallakawa. Idan yanayi ya yi mata tsanani, sai ta kwafi ƙwayar gadonta, ta killace kwafin a ƙarshen jikinta, ta tsotse mafi yawan ruwan da ke wurin, ta cusa sinadarin kalsiyam haɗe da wani asid, sannan ta lulluɓe shi da ɓawo kashi-kashi. Wannan ƙwanso ba ya ci, ba ya hayayyafa, saboda haka iska ba ta da abin da za ta lalata a cikinsa. A madubin ƙara girma, bakteriyar da ke ɗauke da shi tana kama da sanda mai ƙulli a kai.

Ba ita kaɗai ke yin wannan dabara ba, duk dangin Clostridium da na Bacillus suna yi. Shi ya sa a wurin aiki ba mu dogara da tafasa kayan aiki a ruwa, domin ƙwanson na iya tsira daga tafasa. Muna saka su a tukunyar tururi mai matsi, a zafin digiri 121 na ma'aunin Selsiyos, na aƙalla minti 15.

Tsohon Malami:
Malama ta gama da rabin farko. Game da tsatsa, ita kanta ba ta haddasa komai. Ƙusar da ta yi tsatsa ta daɗe a ƙasa ne ta kwashi ƙwanso, kuma idan ta soki mutum sai ta bar rauni mai zurfi da ƙaramin baki, inda nama ya mutu kuma oksijin ya yi ƙaranci. A nan ƙwanson ke farkawa. Ƙaya ko tsinke mai datti ma za su yi wannan aiki, haka kuma cibiyar jariri idan an yanke ta da abin da ba a tsabtace ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bakteriyar ba ta yawo a jiki. Tana zaune a cikin raunin, dafinta ne ke bin jijiyoyi har zuwa laka, ya toshe saƙon da ke umurtar tsoka ta saki. Sai muƙamuƙi ya kafe, wuya ya sandare, baya ya lanƙwashe. Alamun kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21. Tun a 1884 Arthur Nicolaier ya nuna cewa ƙasa na ɗauke da ƙwayar, a 1889 kuma Kitasato Shibasaburo ya ware ta ita kaɗai a ɗakin gwaji a Jamus.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Malam. To wanda ya kamu ya warke, ashe ya tsira ke nan har abada?

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
A'a, ɗan'uwa. Dafin yana da ƙarfin da ɗan abin da ke kwantar da mutum bai kai yawan da garkuwar jiki za ta gane shi ta riƙe ba, don haka wanda ya warke ma sai an yi masa allurar rigakafi. Allurar kuwa dafin ne da aka kashe masa kaifi, kuma ana maimaita ta saboda kariyar tana raguwa da shekaru.