An gayyace ni cin dim sum a Guangzhou, ina tsoron alade

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina birnin Guangzhou na ƙasar China sayen kaya, kuma matar da masana'antarsu ke ɗinka min jakunkuna ta gayyace ni karin kumallo ranar Lahadi. Ta ce za ta kai ni Tao Tao Ju, tsohon gidan shayi da aka buɗe tun 1880, mu ci dim sum. Ta turo min hotuna: ƙananan kwandunan gora cike da tebur, kowanne da 'yan ƙulli uku ko huɗu, tururi na tashi. Wallahi sun ba ni sha'awa, kuma matar nan ta yi min halacci, ba na so in watsa mata ƙasa a ido. Damuwata alade. Ta ce in kwantar da hankalina, akwai na jatan lande. Ku da kuka saba zuwa, yaya kuke yi?

Alhaji Mai Fitilu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki saki jiki da maganar jatan landen nan. Har gow, wanda ɓawonsa ke sheƙi har kina hango jan jatan landen a ciki, masu dafawa da yawa suna haɗa shi da kitsen alade don ya yi laushi. Siu mai, mai buɗaɗɗen kai da ɓawo ruwan ɗorawa, niƙaƙƙen alade ne da jatan lande. Char siu bao kuwa gasasshen alade ne a cikin farin burodin da aka turara. Lo mai gai, shinkafa mai danƙo da ake naɗewa a ganyen bado, da sunan kaza aka san ta, amma sau da yawa akwai yankan alade a ciki. Hatta dan tat, ɗan zaƙin nan mai ƙwai a tsakiya, sau da yawa ana murza fulawarsa da man alade. Ba yaudararki take yi ba. A wurinsu idan ba a ga tsoka ba, ba a lissafa shi a nama.

Ki gaya mata kina cin qingzhen ne kawai, haka suke kiran halal. Akwai wani gidan abinci na halal, Huimin Fandian, a titin Zhongshan Liu, ba nisa da masallacin Huaisheng, suna yin dim sum irin na mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou take ciki, da naman saniya, kaza da jatan lande. Ki roƙe ta ku koma can. Ni ban ga Basinen da ya ji haushin wannan roƙon ba, sun fi jin kunyar baƙo ya zauna bai ci komai ba.

Maman Sadiq:
Gaskiya Alhaji ya faɗa. Ni abin da zan ƙara, Yaya, ki ware wa zaman lokaci. Su yum cha suke cewa, shan shayi, kuma shayin za a fara tambayarki. Na fi son pu'er, baƙi ne, yana wanke maiƙo a baki. Butar farko za ki ga ta ɗauraye kofi da tsinkayen cin abinci da shi ta juye a kwano, kada ki sha. In ta zuba miki, ki ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Ke ma ki zuba mata kafin ki cika naki. Ruwa ya ƙare, ki ɗaga murfin butar ki jingine shi, ma'aikaci zai zo ya ƙara ba sai kin kira ba. Kuma don Allah ki nemi cheung fun, ƙullin shinkafa ne da aka turara siriri aka naɗe, yana santsi a harshe. Shi ne ya fi kwanta min a rai.

Ummu Khalil:
Na gode Alhaji, na gode Maman Sadiq, Allah ya saka da alheri. Na tura mata sunan wurin, ta ce ta san shi. Sai dai ban iya ci da tsinke ba.

Maman Sadiq:
Ki nemi cokali mai yatsu, ba wanda zai kalle ki. In kin gwada tsinken, kada dai ki soke shi a tsaye cikin shinkafa, yana musu kama da turaren da ake kunna wa mamaci. Idan tafiya ta kai ki Hong Kong, akwai gidan abinci a hawa na 5 na masallacin Ammar da ke Wan Chai, su ma dim sum ɗinsu halal ne. Ki je da wuri, kafin azahar tebura sun cika.