Hotunan aikina sun fito duhu, malam ya ce in sake

Ɗan Kabi:
Salamu alaikum, don Allah masu sanin harkar hoto ku agaza. An ba mu aikin makaranta, hotunan fuska guda 10 na masu sana'a, ni na zaɓi masunta, na tafi Argungu bakin kogin Matan Fada kwana biyu ina ɗauka da kyamarar aro. A waya wallahi sun yi kyau ba a magana, amma da na kai anka wanke min a takarda mai girman inci 8x10 sai fuskokin sunka fito baƙi ƙirin, akwai wani dattijo mai farar riga, rigar na sheƙi shi ko idonshi ba ka gani, kuma an datse mishi saman hula. Malam ya duba uku kawai ya maido min. Saura kwana 9. In koma ne ko mai wankin ne ya ɓata min?

Baba Mai Hoto Gusau:
Wa alaikumus salam. Yaro kar ka ɗauki alhakin mai wanki tukuna. Ƙarfe nawa ka ɗauka? Na rantse da rana tsaka ce. Farar riga cikin rana ruɗa kyamara takai, sai ta rage haske don rigar, fuskar mutum ta tafi. Wannan ba gyaran kwamfuta zai fisshe ka ba, in ka matsa ka ɗaga hasken fatar toka-toka za ta koma. Ka koma. Ka riske su bayan asuba in rana ta ɗan leƙo ko bayan la'asar, ka sa mutum a inuwa ya fuskanci wajen haske, ka auna hasken kan fuskarshi ba kan riga ba. Ka sayi farin kwali ka ba wani yaro ya riƙe mishi ƙasan haɓa, za ka sha mamaki, mu da murfin tukunya ma mun yi aiki.
Maganar hula kuwa kai ne ka matse shi. Kyamara 3:2 take ɗauka, wato awon tsawo da faɗin hoton, takardar 8x10 kuma 4:5 ce, dole a yanke wani wuri. Bar fili sama da kai.

Abu Jega:
Ƙari kan na Baba, ya ka tura hotunan wajen mai wankin? In ta WhatsApp ne a matsayin hoto to an matse su, ka tura a dokumen ko ka kai da filash. 8x10 mai kyau na son fiksel 2400 da 3000. Sannan waya haske gare ta daga ciki takarda ba ta da shi, shi ya sa kullum ka ga ya fi duhu, fara wanke ƙaramin 4x6 guda ɗaya ka duba kafin ka zuba kuɗinka.

Ɗan Kabi:
Baba ka kama ni, sha biyu da rabi ne, lokacin sunka fito ruwa. Ta WhatsApp ɗin kuma na tura, kaico. Amma kunya nike ji in koma in ce dattijon nan ya sake zauna min.

Maman Ilham:
Kunyar mi ƙanena? Wanke mishi wanda ya fi dama-dama ka kai mishi da ɗan goro, da kanshi zai shiga gida ya sako rigar Sallah. Ka dai roƙe shi kar ta zan fara. Kuma ka ce a yi ma takarda marar sheƙi, mai sheƙin nan da an taɓa sai shatin yatsa, malaminku kuwa sai ya taɓa.

Ɗan Kabi:
Na gode Aunty, na gode Baba. Asabar zan bi motar farko. Mai kyamarar ne yanzu bai ɗaga waya.