Neman kalma: farcen jel da ake jiƙawa a cire, darasi ranar Litinin

Maman Hanifa, Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da ƴan mata kwalliya a wata cibiyar koyon sana'a a nan Damagaram, ranar Litinin kuma zan fara darasin sabon farcen nan da ake kawo mana daga Kano. Rabin ajin ba su yi nisa a lekwal, wato makarantar boko, ba, takardar darasin dole ta zama da Hausa, ga shi yau Juma'a ban samu sunan da zan sa a kai ba.

Ga yadda abin yake. Farce ne da aka riga aka ƙera da jel mai taushi, yana rufe farcen mutum tun daga gindi har baki. Ana goge ƙyallin farcen asali kaɗan, a ɗiga jel a cikin na ƙarin, a danna a hankali har iska ta fita, a sa hannu cikin fitilar LED kamar daƙiƙa 60 ya sandare. Yana kai sati 3 zuwa 4. Wajen cirewa nake so a kula: a rage tsayin, a kankare saman, a jiƙa auduga da aseton, wato ruwan sinadarin da ke narkar da jel ɗin, a ɗora, a naɗe yatsa da takardar alminiyom minti 15 ko sama da haka, sai ya yi laushi ya saɓule.

Watan jiya wata yarinya ta zo mini ta ɓamɓare nata da reza da haƙori, ta ɗauka irin na gam ne. Farcenta ya koma kamar ɓawon albasa, ko ruwan ɗumi ya taɓa sai ta yarfe hannu. Ina son sunan da tun daga jin sa za a san jiƙawa ake yi.

Ƴar Zango:
Wa alaikumus salam Yaya. Farcen roba mana, ko farcen kanti. Haka kowa ke cewa.

Maman Hanifa:
Ƙanwata, wannan sunan ne ya cuci yarinyar. Farcen roba shi ne na leda wanda ake mannawa da gam a biki a cire washegari. In na sake kiran wannan da shi, reza za su ɗauko.

Ɗaliba daga jami'a:
Tunda muna cewa ƙarin gashi, ƙarin farce ya zauna daidai. Sai a bambanta iri uku: na hoda, wanda ake kwaɓa hoda da ruwan nan mai ƙarfin wari, na jel mai tauri, wanda aseton ba ya ci sai an goge, da wannan, ƙarin farce na jiƙo.

Hajiya mai lalle:
Jiƙo kuma? Jiƙo ai magani ne, sassaƙe a ƙwarya. Wata sai ta zaci na sha ne, ku rufa mana asiri.

Mushe, Birni:
Kafin a je ga jiƙo, a gyara tushe. Me ya sa farce? Mu da muka tashi a Birni akaifa muka ji a bakin iyayenmu, wasu su ce ƙumba. Farce na littattafan Kano ne da finafinansu. Sannan jel ba Hausa ba ne, aseton ba Hausa ba ne. Tun watan Maris na 2025 dokar Nijar ta sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yanzu komai sai mun ara. Muna da ƙaro, wanda ake ɗebowa a jikin itace, yana da danƙo, yana sandarewa, ruwa kuma yana narkar da shi. Na ba ku akaifar ƙaro. Ku auna ta ta kowane gefe, babu inda ta gaza.

Maman Hanifa:
Allah ya ƙara girma Mushe, kalmar ta yi daɗi a baki. Damuwata ɗaya: ƙaro ruwa ke narkar da shi, wannan kuwa ko an kwana da hannu a bokiti ba zai motsa ba. Iska ma ba ta busar da shi, sai hasken fitila. In yarinya ta jiƙa a ruwa ta ga shiru, ƙarfi za ta sa.

Mushe, Birni:
Ɗiyata, suna ba bayani ba ne. Jirgin sama a ruwa yake tafiya? Amma mun ce jirgi. Akaifar ƙaro, bayani ya biyo baya a aji.

Baƙo daga Kano:
Da girmamawa Baba, farce ba namu ba ne mu kaɗai. Jan farce fa? Ko a Zinder ban ji mai cewa jan akaifa a kanti ba. In ana so takarda ta yi amfani har Maraɗi da Daura, a bi daidaitacciyar Hausa.

Mushe, Birni:
Wa ya daidaita ta, kuma an tambaye mu? Ayarin Damagaram na kai kaya har Tarabulus tun kafin a kafa hukumar da ta zaɓi karin Kano. Ba mu zo koyon Hausa wurin kowa ba.

Ƴar Zango:
Ni dai shago gare ni, bari in faɗi ta kasuwa. Duk mai shigowa kapsul take cewa, ko ta nuna mini hoto a TikTok ta ce Gel-X. In na rubuta akaifar ƙaro a allon ƙofa, wallahi shagon gaba za su wuce. Mace ba za ta zaro jaka-jaka ta biya abin da sunansa ya yi kama da na mai tallan goro ba.

Mushe, Birni:
To ga cutar nan. Abu in da Faransanci ne ya yi tsada, in da harshen uwarki ne ya zama na ƙauye. Kapsul ɗin ma ai kafso ne, na asibiti.

Hajiya mai lalle:
Ni tambayata daban. Alwala fa? Lalle rini ne, ruwa na taɓa farce. Wannan kuwa rufi ne. Duk sunan da kuka sa, a rubuta wannan a takardar, kada yarinya ta yi sati uku tana salla a haka.

Maman Hanifa:
Gaskiyarki Hajiya, yana shafin farko. Shi ya sa ma nake nacewa a kan cirewa: da yawa a kwanakin fashin salla suke sawa, in sun yi tsarki sai gaggawa, a nan ake ɓamɓara. Jama'a a taimaka a dawo kan suna, dare na yi.

Ɗaliba daga jami'a:
To mu bi yadda Hausa ke raɗa wa sabon abu suna da kanta: faɗi-ka-mutu, a-ci-balbal, dafa-duka, a-daidaita-sahu. Duk umarni ne ya zama suna. Me zai hana jiƙa-ki-cire? Babu jiƙo a ciki balle a sha, gargaɗin kuma yana cikin sunan.

Ƴar Zango:
Wannan kam yara za su riƙe. A allo dai kapsul zan bari.

Baƙo daga Kano:
A-jiƙa-a-cire ya fi, don maza ma suna wannan sana'a.

Mushe, Birni:
Ginin kalmar na Hausa ne, ban musa ba. Amma bai faɗi mene ne ake jiƙawa ba, wanki ma jiƙa shi ake yi. In dole ne, a ce akaifar jiƙa-ki-cire. Ƙaro kuma ban janye ba.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da zan buga gobe. Kan darasi: ƙarin farce na jel, jiƙa-ki-cire. A layin ƙasa zan rubuta cewa a shago ana ce masa kapsul, don kada su je aiki a kira abu su tsaya kallo. Aseton zan bar shi aseton, saboda shi ne rubuce a kwalba, kuma ba na so su saya ruwan goge jan farce marar aseton su ce bai yi ba. Mushe, akaifa za ta shiga a bayanin sassan yatsa, tare da farce da ƙumba.

Saura ɗaya: jel ɗin da bai sandare ba in yana taɓa fata yakan jawo ƙaiƙayi da kumburi a gefen farce, wani lokaci jiki ya ƙi shi har abada. Borin jini zan ce, ko akwai wadda ta fi?

Mushe, Birni:
Borin jini daban ne. Ki buɗe wani zaren, zan zo bayan isha'i.