Kwarkwata ta ƙi barin kan 'yata, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa iyaye. Don Allah ku taimaka min, abin nan ya kai ni maƙura. 'Yata mai shekara 7 tana fama da kwarkwata, da daddare susa ko barci ba ta barinta ta yi, har bayan kunnuwanta da ƙeyarta sun yi ƙuraje.

Na shafa mata maganin permethrin mai kashi 1 cikin 100, na kuma maimaita bayan mako guda, tunda ƙwan yana ƙyanƙyashewa ne cikin kwana 7 zuwa 10 kuma shafawar farko ba ta kashe shi duka. Na wanke zanin gado da rigar filo da ruwan zafi. Duk da haka ina ganin masu rai suna yawo. Shin maganin ne ya daina cinsu, kamar yadda ake samu a wasu wurare, ko kuwa sake ɗaukowa take yi wajen ƙawayenta? Na san kwarkwata ba ta tashi ba ta tsalle, galibi sai kai ya gogi kai, amma yaya zan hana yarinya haɗa kai da 'yan ajinsu ba tare da ta ji ana ƙyamarta ba? Wannan ya fi damuna, don ba ƙazanta ke kawo ta ba.

Sannan gashinta na da cika sosai, kum mai ƙananan haƙora ba ya ratsa shi sai da kuka. Ba na son aske mata. Wace dabara kuke bi wajen cire ƙwan da ya manne a gindin gashi? Ƙaninta mai shekara 1 kuma, da suke kwana tare, me ya dace a yi masa?