Django ya ƙi haɗuwa da PostgreSQL a kwamfutata

Sadiya, Jos:
Assalamu alaikum. Ina koyon gina manhaja da Django (kayan aikin gina shafukan intanet da yaren Python), kuma ina so in gwada komai a kwamfutata kafin in ɗora aikin a kan saba (server), wato kwamfutar da za ta riƙe shi a intanet. Na girka duk abin da ke cikin requirements.txt (jerin kayan da aikin yake buƙata), amma da zarar na rubuta python manage.py migrate sai ya ce ya kasa haɗuwa da rumbun bayanai. Ina kuskuren yake?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara tabbatar da cewa PostgreSQL, wato manhajar da ke riƙe rumbun bayanan, tana aiki, domin girka ta daban, kunna ta daban, kuma bisa al'ada tana saurare ne a ƙofa (port) ta 5432. Abin da ya fi kama masu koyo shi ne Django ba ya ƙirƙirar rumbun da kansa. Sai kin ƙirƙira shi da umarnin createdb, da irin sunan da ke sashen DATABASES a settings.py.

Nanret:
'Yar'uwa, tunda gwaji kike yi, SQLite, wata ƙaramar manhajar rumbun bayanai, ma ta wadatar. Da ita Django yake aiki tun asali, kuma fayil ɗaya ce kawai.

Sadiya, Jos:
Na gode, Injiniya. Ashe rumbun ne ban ƙirƙira ba. Yanzu shafin yana buɗewa a 127.0.0.1:8000, wato adireshin gwaji na kwamfutata.